Yadda za ki dafa waken cikpi ya ciyar da iyali cikin araha da lafiya

Tambaya: Mu shida ne a gida, ni da maigidana da yara huɗu, ƙaraminsu shekararsa biyu. Nama ya fara fin ƙarfinmu, sai aka ba ni shawarar in riƙa amfani da waken cikpi. Na saya na dafa, amma ya cinye mini gas bai yi laushi ba, yaran suka tsince shi suka ajiye gefe, maigida kuma ya kwana da kumburin ciki. Da gaske zai iya maye gurbin nama? Yaya zan sarrafa shi iyalina su ci, ba tare da na yi asarar kuɗi da makamashi ba?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Abubuwa ukun da kika kawo, cin gas da ƙin da yara suka yi masa da kumburin cikin maigida, kusan duk daga wuri ɗaya suka taso: waken bai jiƙu yadda ya kamata ba, bai kuma dahu ba. Cikpi, wanda ake kira chickpea da Turanci, wake ne mai taurin kai. In aka yi masa gaggawa sai ƙwayar ta fito da tauri a tsakiya, tana gari-gari a baki, babu yaron da zai so ta, hanji ma ba ya maraba da ita. In kuwa ya dahu luguf, sai ki ce wani abinci ne daban, mai santsi a harshe, mai shan ɗanɗanon duk abin da aka haɗa shi da shi. Shi ya sa zan daɗe a kan tukunyar farko, domin in ita ta gyaru, sauran girke-girken ba su da wuya.

Bari mu fara daga saye. Iri biyu ne ake samu. Akwai manyan ƙwayoyi masu launin madara da siririn ɓawo, waɗanda ake kira kabuli, su aka fi zubawa a gwangwani, su kuma ƙasashen Larabawa da na gaɓar Bahar Rum suka fi ci. Akwai kuma ƙanana masu duhu da kaurin ɓawo, da ake kira desi, waɗanda Indiya ta fi nomawa, ita da ke samar da kusan kashi biyu cikin uku na cikpin duniya ko ma fiye. In aka cire wa desi ɓawo aka tsaga shi biyu, shi ne rawayan waken da ake sayarwa da sunan cana dal, in aka niƙa wannan kuma ya zama garin cikpi. Ki riƙe waɗannan biyun na ƙarshe a ranki, domin su ne mafitar mai ƙarancin makamashi: tsagaggen yana dahuwa da sauri fiye da cikakkiyar ƙwaya nesa ba kusa ba, garin kuma mintuna kawai yake bukata.

Busasshe ya fi na gwangwani araha kusan ko'ina, kuma lissafin a fili yake. Gwangwanin da aka rubuta wa giram 400, in kika tsiyaye ruwansa, waken da zai rage bai wuce giram 240 ba. Shi kuwa busasshe in ya jiƙu ya dahu nauyinsa yana ninkawa har ya ɗan wuce biyu, wato rabin kilo zai ba ki fiye da kilo ɗaya, kusan abin da ke cikin gwangwani biyar. Ga gida mai mutum shida, wannan ya ishi manyan abinci biyu, ko uku in ana haɗa shi da wasu abubuwa. Amma ki sa kuɗin wuta a lissafin, kuma ki duba farashin inda kike da idon basira. A wuraren da ake shigo da cikpi daga nesa yana iya fin sauran wake tsada, kuma in haka ne babu laifi ki riƙa cakuɗa shi da wanda ya fi sauƙi, domin dangi ɗaya ne, amfaninsu ga jiki ya yi kusa da juna. Ki kuma sayi naki a inda kaya ke fita da sauri. Waken da ya shekara biyu ko uku a ajiye, musamman a wuri mai zafi da laima, wani sauyi yana faruwa a jikin ƙwayarsa har ya ƙi laushi komai daɗewarsa a wuta. Yana yiwuwa irinsa kika faɗa wa.

Jiƙo ba abin tsallakewa ba ne. Ki tsince duwatsu da ƙwayoyin da ƙwaro ya huda, ki wanke, ki zuba ruwa ninki uku ko huɗu na yawan waken a babbar roba, domin zai kumbura sosai. Ki bar shi awa 8 zuwa 12. In ana zafi ki sa shi a firij, ko ki sauya ruwan sau ɗaya a tsakani, don kada ya fara tsami da kumfa. Ranar da kika manta, ki tafasa shi minti biyu, ki kashe wuta ki rufe ya yi awa ɗaya, zai ɗan cike gurbin, ko da yake bai kai jiƙon kwana ba. Ruwan jiƙon kuma zubarwa ake yi, a ɗauraye waken a sa sabo. Dalilin zai zo a maganar kumburi.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa gishiri yana hana wake dahuwa. Ba haka ba ne, hasali ma akasin haka ne. Abin da ke riƙe ɓawon wake da ƙwayoyin cikinsa wani danƙo ne da ake kira fektin, wanda sinadaran kalsiyam da magniziyam ke ƙara wa ƙarfi. Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri yana ture su, sai ɓawon ya saki. Don haka cokalin cin abinci ɗaya na gishiri a ruwan jiƙo lita biyu taimako ne, kuma mafi yawansa zai tafi da ruwan. Abin da ke hana dahuwa da gaske shi ne tsami: tumatir, lemun tsami, binega. In kika zuba ɗanyen cikpi a miyar tumatir da niyyar su dahu tare, kin ɗaura wa kanki yini guda a gaban murhu. A ruwa zalla ake fara dafa shi har ya yi laushi, sannan ya haɗu da tsami. Ruwa mai nauyi, irin wanda ke barin farin ƙasa a gindin buta, shi ma yana jinkirta dahuwa saboda kalsiyam ɗin cikinsa. Maganin wannan da na tsohon wake shi ne bekin soda, rabin cokalin shayi ga rabin kilo, a ruwan jiƙo ko na dahuwa. Tana rage lokacin sosai. Kada ki zarce wannan awon, domin in ta yi yawa abincin zai yi ɗanɗanon sabulu, kuma tana lalata wani ɓangare na bitamin B1. Ni dai ra'ayina, ɗan abin da ake rasawa bai kai ribar samun waken da iyali za su ci da gas ɗin da za a tsimi ba.

Wajen dahuwa, ruwa ya sha kan waken da kamar yatsu uku. Ki bar shi ya ɓararraka minti goma, ki kwashe kumfar da ta taso, sannan ki rage wuta ki rufe tukunyar da ɗan saura, ya riƙa tafasa a hankali. Wuta mai ƙarfi ba ta sa ruwa ya wuce zafin tafasa, ƙone shi kawai take yi tana cin gas. Ki jefa albasa guda da tafarnuwa 'yan ƙwayoyi tun farko, romon zai yi ƙamshi. Jiƙaƙƙen kabuli yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wani lokaci biyu, desi mai ɓawo ya fi haka kaɗan. In ruwa ya ja, ruwan zafi za ki ƙara. Tukunyar furesha, wato mai dafa abinci da matsin tururi, tana gama aikin cikin minti 20 zuwa 25, kuma in za ki riƙa cin wake a kai a kai, ita ce kayan girkin da za ta fi saurin mayar miki da kuɗinta. Kada ki cika ta fiye da rabi, saboda kumfar wake tana iya toshe mafitar tururi, ki zuba cokalin mai don rage kumfar, ki kuma bar tururin ya sauka da kansa. In babu ita, akwai tsohuwar dabara: ki tafasa waken sosai minti 20 a tukunya mai murfi mai kyau, ki sauke, ki naɗe ta tsaf da bargo mai kauri har ƙasa da sama, ki bar ta awa uku zuwa huɗu. Zafin da ke ciki zai ci gaba da aiki. Sai ki mayar da ita wuta ta sake tafasa, ki ƙarasa abin da ya rage.

Kada agogo ya yanke miki hukunci. Ki ɗebo ƙwayoyi biyar daga wurare daban-daban a tukunyar, ki matse kowace tsakanin yatsu biyu. In duk sun murƙushe ba tare da ƙarfi ba, babu fari-fari a tsakiya, ya dahu. In ɗaya ta yi gardama, a ƙara lokaci. Ki bar shi ya huce a cikin romonsa don kada fatar ta bushe ta tsage, kuma kada ki zubar da romon nan, kusan kowane girkin da zan kawo da shi ake yi.

Yanzu tambayarki ta nama. Gaskiyar magana, awo da awo cikpi bai kai nama furotin ba. Dafaffen nama marar kitse giram 100 yana ba da furotin wajen giram 25 zuwa 30, dafaffen cikpi giram 100 kuma kusan giram 9. Sai dai ba a cin su da yawa ɗaya. Kofi guda na dafaffen cikpi, wato kamar giram 160, yana ba da furotin giram 14 zuwa 15, ya ɗan fi na ƙwai biyu, alhali babba mai nauyin kilo 60 wajen giram 50 yake bukata a yini daga duk abincinsa. Daga cikin sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin, na cikpi yana da wadatar laisin, wanda hatsi ke da ƙarancinsa, yana kuma da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Ma'ana shinkafa ko burodi ko taliya ko masara suna cike masa giɓi, shi ma yana cike musu, kuma ba dole sai a faranti ɗaya ba, in an ci su a yini ɗaya ya wadatar. Mutane sun fi shekara 9,000 suna noma wannan wake, tun daga yankin kudu maso gabashin Turkiyya da arewacin Siriya, kuma duk inda ya je za ki tarar da hatsi a gefensa. Gidajen talakawa sun gano wannan haɗin tun kafin a san sunan sinadaran.

Yana kuma da abin da nama ba shi da shi ko kaɗan, wato faiba, ɓangaren abincin da ba ya narkewa, wanda ke gyara bahaya, yana ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani na hanji, yana kuma sa sukari ya shiga jini a hankali. Kofi guda yana ɗauke da wajen giram 12, kusan rabin giram 25 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu a yini. Wannan ne ya sa wanda ya ci shi yake daɗewa bai ji yunwa ba, abin da ke da muhimmanci a gidan da ake lissafin kowane cokali. Yana da folet mai yawa, wani nau'in bitamin B, wanda mace mai shirin ɗaukar ciki ke matuƙar bukata, da sinadarin ƙarfe fiye da miligiram 4 a kofi. Amma ƙarfen da ke cikin tsirrai jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Bitamin C yana taimaka masa, don haka matsa lemun tsami a ƙarshen girki, ko cin ɗanyen tumatir da tattasai da lemun zaƙi tare da shi, ba kwalliya ba ce kawai. Shayi da kofi kuwa suna tare shi, a jinkirta su kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

Abu ɗaya ne cikpi ba zai taɓa ba ku ba: bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, kuma daga dabba ake samunsa. Saboda haka ba na ba ki shawarar ki kori abincin dabba gaba ɗaya daga gidan da ke da yara masu girma. Ƙwai, madara, yogot, ƙananan kifi da ɗan naman da ya samu su ci gaba da leƙowa ko da kaɗan-kaɗan ne. Aikin cikpi shi ne ya ɗauki nauyin tukunyar, ɗan naman ya zama mai ba da ƙamshi.

Kumburin cikin maigida yana da bayani, kuma ba alamar cuta ba ce. A cikin wake akwai wasu nau'o'in sukari, irin su rafinos da sitakiyos, waɗanda cikin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da su. Suna wucewa har babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su cinye su, su fitar da iska. Waɗannan sukarin suna narkewa a ruwa, shi ya sa zubar da ruwan jiƙo yake rage su. Dahuwa sosai tana ƙara sauƙaƙa wa ciki. Sauran kuma sabo ne. Cikin da bai saba da faiba ba, in aka danna masa faranti guda a rana ɗaya dole ya yi ƙorafi. Ku fara da cokali biyu ko uku ga kowane babba, kusan kullum, kuna ƙarawa a hankali, kuna shan ruwa isasshe. Yawancin mutane cikin makonni kaɗan cikinsu yake daidaita. A wannan tsakanin, tsagaggen wake marar ɓawo ya fi sauƙi, ko ki murza dafaffen a cikin ruwa ɓawon ya taso ki kwashe.

To, ga tukunya ta dahu, me za a yi da ita? Wanda zan so ki fara da shi miya ce irin ta arewacin Indiya da Pakistan, wadda suke kira cana masala. Sirrinta albasa. Ki yanka manya biyu ƙanana-ƙanana, ki soya a mai cokali uku a kan matsakaiciyar wuta har su yi ja-ja, minti goma zuwa sha biyar, kada ki gaji. Ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta, sannan garin kumin da koriyanda cokalin shayi ɗai-ɗai, kurkum rabin cokali, ki juya su a cikin man minti ɗaya, domin ƙamshin kayan yaji a mai yake fita. Sai markaɗaɗɗen tumatir biyar ko shida, a bar shi ya soyu har mai ya fara tasowa a gefe. Yanzu ki zuba dafaffen cikpi kofi uku da romonsa kofi ɗaya. Ga dabarar da ke sauya komai: ki ɗebi ludayi guda na waken ki dame shi da bayan cokali ki mayar, miyar za ta yi kauri ta kama jikinta. Ta yi minti sha biyar a ƙaramar wuta, ki zuba yankakken alayyahu ko kabeji ko duk ganyen da ya yi araha a lokacin, ki kwashe rabon ƙananan yara kafin ki sa barkono, ki matsa lemun tsami bayan kin sauke. Da shinkafa ko burodi ta ishi mutum shida. Ranar da aka samu dankali ko kabewa ko karas, su shiga, waken kofi biyu ma ya isa.

Yara kuwa, abin da na ga ya fi saurin shawo kansu shi ne taliya da cikpi irin ta Italiya, abincin tukunya ɗaya. Ki soya tafarnuwa sama-sama a mai, ki sa tumatirin gwangwani cokali biyu ya soyu, ki zuba waken kofi biyu da rabi, rabinsa markaɗaɗɗe rabinsa ƙwaya, da romo da ruwa kamar kofi biyar. In ya tafasa ki zuba gajeriyar taliya ko doguwa da kika kakkarya, ta dahu a ciki kina juyawa don kada ta kama. Markaɗaɗɗen waken da sitacin taliyar za su haɗu su zama miya mai kauri da ta lulluɓe komai, yaro ba shi da abin tsincewa. A karon farko ma kina iya markaɗe shi duka.

Mutanen Tunisiya suna da wani abinci, lablabi, da nake girmamawa saboda ba ya barin komai ya lalace. Burodin da ya kwana ya bushe ake gutsuttsurawa a kwano, a zubo masa cikpi da romonsa mai zafi wanda aka sa wa tafarnuwa da kumin, a ɗiga mai da lemun tsami da yaji, wanda ya samu ya ɗora ƙwai a sama. In waken yana dafe, minti goma ya yi yawa.

Hummus, wanda ya fito daga ƙasashen Sham, ya fi kyau da waken da ya dahu har ya fara farfashewa, kuma a markaɗa shi da ɗuminsa: kofi biyu, niƙaƙƙen riɗi cokali biyu ko uku, ruwan lemun tsami, tafarnuwa ƙwaya ɗaya, gishiri kaɗan, ana ɗiga ruwan sanyi har ya yi sumul. Niƙaƙƙen riɗin ne mai tsada a ciki. Kina iya soya riɗi sama-sama ki daka da kanki, ko ki rage shi ki ƙara mai ko yogot. Babu bilenda? Turmi ko mataci da bayan ludayi sun isa. A shafa a burodi, ya maye gurbin abubuwan shafawa masu sukari a abincin makaranta.

Ranar da nama ya samu, ki miƙar da shi. Niƙaƙƙen nama giram 250 da damammen cikpi kofi biyu, da albasa da ƙwai ɗaya da kayan ƙamshi, za su ba ki curin nama ninki biyu, kuma da wuya wani ya tsaya tambaya. Ƙashi ko fukafukan kaza kaɗan a tukunyar waken tun farko suna ba dukan romon ɗanɗano. Haka mutanen Maroko ke yi a miyarsu ta harira, ɗan nama ne da cikpi da adas, wani ƙaramin wake mai faɗi, da tumatir, amma gida guda take ƙosarwa.

Garin cikpi shi ne abin da mutane suka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi komai tsimin wuta. Kofi ɗaya na garin, kofi ɗaya na ruwa, mai cokali biyu da ɗan gishiri, a kaɗa a bar ƙullin ya huta rabin awa, a zuba siriri a kasko mai zafi, a juya. A birnin Jenowa na Italiya farinata suke ce masa, a Nis ta Faransa kuma sokka, su a oban suke gasawa. Ki yanka albasa da tumatir da ganye a cikin ƙullin, kin sami karin kumallo mai riƙe ciki ba tare da ƙwai ba. A Habasha da Eritiriya kuma shiro suke yi: a soya albasa da tumatir da yaji, a zuba ruwa, a barbaɗa garin ana kaɗawa don kada ya yi gudaji, ya dahu minti sha biyar zuwa ashirin ya zama miya mai kauri. Ki tabbata ya dahu, ɗanyen garin yana da ɗaci kuma yana damun ciki.

Falafel na daban ne, domin da jiƙaƙƙen wake ake yinsa, wanda ba a dafa ba. A ɓarza shi da albasa da tafarnuwa da ganyen fasili da kumin, a cura ƙanana, a soya har cikin ya dahu. In kika yi da dafaffe zai watse a mai. Yana da daɗi, amma yana shan mai, kuma mai kuɗi ne, don haka na ranar marmari ne. In daga waje za a saya, a sani cewa irin na Masar da wani babban wake mai faɗi da ake kira ful ake yinsa, wanda ke da haɗari ga masu ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini.

Ɗan autanki mai shekara biyu yana bukatar kulawa ta musamman. Ƙwayar cikpi zagaye take, girmanta kuma daidai da abin da zai iya sarƙe maƙogwaron ƙaramin yaro. Ki riƙa latse masa kowace ƙwaya ko ki dame, kuma gasasshen cikpi mai ƙaras-ƙaras da ake ci a matsayin abin taɓawa, kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba. Cikinsa ƙarami ne, faiba kuma tana cika ciki da wuri, don haka nasa rabon ya zama kaɗan, a ɗiga masa ɗan mai don ƙarin kuzari. In ya ture yau, ki sake kawowa bayan kwana biyu ba tare da faɗa ko dole ba, yara da yawa sai sun ga sabon abinci sau goma ko fiye suke karɓa, kuma ganin manya suna ci ya fi lallashi aiki. Akwai masu rashin jituwa da cikpi ko da riɗi. In bayan ci kika ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko amai, a dakatar a nemi likita, in kuwa numfashi ya fara wahala, asibiti kai tsaye. Haka mai ciwon ƙoda da aka taƙaita wa fotasiyam da fosforas, da mai ciwon hanji da ke tashi da wake, su tambayi likitansu yawan da ya dace da su.

Ki lura da gishiri, domin ta nan ne abinci mai lafiya ke lalacewa ba a sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, na yara kuma ƙasa da haka, kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin lissafin. Albasar da ta soyu da kyau da tafarnuwa da tsamin lemo suna rage bukatarsa. In na gwangwani kika yi amfani da shi a ranar gaggawa, ki tsiyaye ki ɗauraye, hakan yana iya rage sodiyam ɗinsa da kusan kashi 40 cikin 100.

Saura ajiya, wadda a kanta duk tsimin ya dogara, domin wutar da za ta dafa kofi ɗaya kusan ita ce za ta dafa kilo guda. Busasshen a zuba shi a mazubi mai murfi da iska ba ta shiga, a wuri mai sanyi da bushewa, in akwai firiza a sa shi ciki kwana huɗu zuwa mako guda tun farko don kashe ƙwan ƙwaro. Dafaffen kuwa yana saurin lalacewa. Kada ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Ki raba shi a ƙananan robobi marasa zurfi don ya huce da wuri. A firij yana kwana uku zuwa huɗu, a firiza watanni, kuma in kika daskarar da shi kofi biyu-biyu da ɗan romonsa, kowane ƙulli girki guda ne. Duk wanda ya fara yauƙi ko warin tsami a zubar, sake tafasawa ba ta gyara shi. In kuwa ba ki da firij ko wutar ba ta tsayawa, kada ki dafa na mako. Ki dafa na yini ɗaya ta hanyar naɗe tukunya, rabi ya shiga abincin rana rabi na dare, a tafasa shi sosai kafin a ci, sauran ranakun kuma ki koma ga tsagaggen wake da garin, waɗanda ke dahuwa da sauri, ba sai an dafa da yawa an ajiye ba.